Kukun Ravenspur Ba Shi da Gari

Yanzu da aka fasa jirgin ruwan nan Ravenspur aka yi kujeru da 'yan akwatunan taba da katakonsa, kowa a kogin nan ya zama masoyinsa. Mutanen da ke toshe hanci duk lokacin da iska ta biyo ta wajensa, su ne yau ke dafa ƙirji suna cewa, "Kai, an yi jirgi!" Tir. Ni Loveday tun ina budurwa nake tuƙa kwale-kwale zuwa gindin jirgin nan, ina kai burodi da albasa da madara, har kaina ya yi fari. Mutum ɗaya na sani da ya isa ya ce jirgin nasa ne, shi ne Jabez Rundle, kukunsa.

Jabez bai nemi aikin teku ba. Uwarsa mai yawon tallar kwanduna ce gari zuwa gari, a gefen wata hanya ta haife shi, shi kansa bai san ko wace hanya ce ba. Yana saurayi yana taya masunta jan taru, sai masu kamen dole suka zo neman waɗanda za su cika sabon jirgin yaƙin sarki. Aka buga masa kulki a ƙeya. Da ya farfaɗo sai ya ji ƙaurin sabuwar kwalta, ƙasa kuma tana lilo a ƙarƙashinsa.

"Ni da jirgin nan rana ɗaya muka kama aiki," haka yake cewa. "Shi aka fasa masa kwalbar giya a goshi, yadda ake yi wa sabon jirgi, ni aka fasa mini kai."

Jirgi ne babba, igwa jere biyu a kowane gefe, mutum ɗari-ɗari a cunkushe cikinsa. An fara tura shi gadin bakin tekun Faransa, shekara da shekaru yana kai da komo gaban tashar da abokan gaba suka ƙi fitowa. Daga nan aka kai shi tsibiran yamma masu zafi, inda zazzaɓin shawara ya ci mutane fiye da yadda igwa ta taɓa ci. Da ya dawo ne Faransawa suka fito, aka gwabza tun safe har la'asar. Harsashin igwa ya faso bango, tsagin katako ya yi kaca-kaca da ƙafar Jabez ta hagu. Likita ya kwantar da shi kan akwati ya datse ta, ya jefa cikin baho tare da na wasu. Ya ce yana ganin ƙafar tasa a saman tulin, da safarta, ya gane ta saboda shi ya yi mata faci.

A aikin sarki, wanda aka naƙasa shi ake ba kicin. Ba a tambayar ko ya iya dafa ruwa. Ladan ƙafar ke nan.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, wai ka iya girki kuwa?"

"Wa ya ce miki girki ake yi, 'yar nan? Tafasawa ake yi. Ki fasa gangar naman gishiri, in naman ya girmi wanda zai ci shi sai ki ƙara itace. Kitsen da ya taso ki kwashe, rabi a shafa wa igiyoyi, rabi masu ƙarfin ciki su shafa a biskit."

"Biskit ɗin da tsutsa?"

"Af, to da wa? Baƙaƙen suna da ɗaci. Fararen nan masu ƙiba kuwa sanyi gare su a maƙogwaro. Kin san daɗin abu mai sanyi a ƙasar zafi?"

Yana faɗa yana dariya. Da wannan ƙazanta aka ciyar da mutanen da ake rera wa waƙa a gidajen giya.

Kyaftin ya zo ya tafi, a sallami ma'aikata a kamo wasu, amma kuku da kafinta da mai kula da igwa na jirgi ne, inda ya kwana nan suke kwana. Shi ya sa da yaƙi ya ƙare, aka jawo Ravenspur cikin koginmu, Jabez na ciki. Aka sauke igwa, aka cire dogayen itatuwan da ke ɗauke da zannuwan iska, aka ɗaure shi da sarƙa a tsakiyar ruwa. Mahukunta suka fara mayar da shi asibitin masu cutar da ba a son su sauka ƙasa. Bayan nan suka kafa masa rufin katako kamar rumbu, suka sa ƙarafa a tagogin igwa, suka zuba fursunoni. Kowace safiya a juye bokitan bahaya ta gefe, su bi bango su gangara. Ni da nake tsayawa a gindinsa da burodin mutane, ni na san abin da na shaƙa. Da ya ruɓe har fursunoni ma aka ga bai dace da su ba, sai aka kwashe su. Kafinta ya mutu, mai igwa ya koma wajen 'yarsa, aka bar Jabez da ɓeraye.

Amma kafin nan ya ga daɗi, kada in rage masa. Zamanin asibiti akwai wata mai wanki daga Ludcombe, garin da ke maƙwabtaka da namu, sunanta Tamsin, ita ke wanke zannuwan da ko maza ba sa yarda su taɓa. Mace ce mai faɗa, ƙatuwa, hannayenta jajur saboda toka. Ta shiga kicin neman ruwan zafi ta ga tukunyarsa, ta ce ko aladenta ba za ta ba wa abin da ke ciki ba. Ya ce to ta zo ta gyara. Ta zo, ba ta koma ba. Suka zauna a ɗan ɗakin da ke bayan murhu, ta kiwata kaji a inda ake ajiye harsasai da, ta shuka na'ana'a a tsohon bokiti. Ba su haihu ba. Da ta rasu, Ludcombe ba su da bakin ƙin ta, tun da 'yar garin ce. Aka binne ta a maƙabartar cocinsu a kan tudu, jikin katangar kudu, gindin wata bishiyar ƙaya. Jabez ya ɓamɓaro katako daga jikin jirgi ya sassaƙa mata alama da wuƙar yankan nama.

Kowace Lahadi nakan kai shi gaɓa, ya hau tudun da ƙafar icce, ya zauna wajenta ya ba ta labarin kaji. Daga baya dungulmin ya yi gyambo, tsanin jirgi ma ya gagare shi. Ya yi shekaru da yawa bai taka ƙasa ba. Abu ɗaya ya rage yake so a duniya, kuma ya faɗa mini har na haddace: in ya mutu a sa shi kusa da Tamsin.

Sai ga wani ma'aikaci daga tashar jiragen sarki, da hanƙici a hanci. Ya ce an sayar da jirgin ga masu fasawa, kafin sanyi ya shigo za a zo a ja shi. Ya ce akwai gidan tsofaffin sojojin ruwa can London, a iya nema wa Jabez gado.

"In na mutu can, a ina za a binne ni?"

"Can, mana."

"To a ba wani gadon, yallaɓai. Ni ina da wuri."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan kuma tsakaninsa da ƙauyukan gaɓa.

Nan abin ya kwaɓe. Dokarmu ita ce kowane gari shi ke ciyar da gajiyayyunsa, shi ke binne su, kuma ba garin da ke son a ƙara masa ko mutum ɗaya. Penwarra, garinmu, yana sama. Ludcombe yana ƙasa. Wani ɗan rafi ne ya raba mu, iyakar kuma ta miƙe daga bakinsa ta ratsa kogi. To wanda ya kafa sarƙar Ravenspur, Allah ya saka masa, daidai kan iyakar ya kafa ta. In ruwan teku ya ciko, jirgi ya juya ya kwanta a ruwan Penwarra. In ruwa ya janye, ya sake juyawa ya kwanta a ruwan Ludcombe. Haka yake yi safe da yamma tun ranar da aka ɗaure shi. Mu da 'yan Ludcombe kuwa ba ma ga maciji. Ni kaina tun jana'izar Tamsin ban ƙara hawa tudunsu ba.

Kowane gari yana da wakilin gajiyayyu. Namu Mista Spargo ne, mai shagon kyandir, siriri, kullum yana murza hannu. Nasu Mista Yelland ne, mahauci. Ni na ɗauko su biyun a kwale-kwalena ranar da suka zo duba lamarin, kuma tun a ruwa suka fara.

"Matarsa taku ce," in ji Spargo.

"Matarsa mun binne ta, mun gama. Mace ke bin miji, ba miji ke bin mace ba. Burodin da yake ci fa, daga ina yake zuwa? Ba wannan matar taku ce ke kawowa ba?"

"Saya yake yi. In na sayar maka da kyandir ka zama ɗana ke nan?"

"Allah ya kiyaye. Kyandir ɗinka da rabinsa garin alkama ne."

"Kitsen da nake saya wajenka ne rabinsa ruwa."

Na ce, "Ku zauna daidai ko in kifar da ku, ku ga garin da zai tsamo ku." Suka zauna daidai har muka isa.

Muka tarar da Jabez a kwance kusa da murhu. Tari ya kama shi tun bazara, ƙafar da ta rage ta kumbura suntum. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe su, ba wanda ya ce ya kwanta abinsa. Suka tsaya a kansa, ɗaya dama ɗaya hagu, suna magana kamar buhun hatsi ne a tsakaninsu.

"Ranka ya daɗe," Jabez ya ce wa Yelland, "ni ba abinci nake roƙo ba. Ba zan ci muku komai ba. Rami kawai, jikin katangar kudu."

Yelland bai dube shi a fuska ba. Ya sunkuya ya danna ƙafar da babban yatsa, ya ga wurin ya lotsa bai taso ba. Ya miƙe yana goge yatsan a wando.

"Spargo, muna ɓata bakinmu a banza. Wannan ba zai kai ranar jan jirgi ba. Maganar ciyarwa ba ta taso ba, akwati ne da rami."

"To wa zai yi?"

"Inda jirgi yake kwance lokacin da ransa ya fita, su ne masu gawa."

Spargo ya yi ɗan tunani, ya ga rabi da rabi ne, ya ce ya yarda. Suka yi musafaha a saman cikin mutumin, yana kwance yana kallon hannayensu. Suka ce da zarar ya cika in ɗaga farin zane a saman rufi, kowannensu zai ajiye mai gadi a gaɓa. Wallahi da ina da abin da zan amayar a ranar, da na amayar a kan takalmansu.

Da na dawo daga sauke su, na sami Jabez yana murmushi.

"Kin ji, 'yar nan? Ai sun sauƙaƙa. In mutu da janyewar ruwa, shi ke nan."

"Baba, ana zaɓar wa mutuwa lokaci ne?"

"Na tafasa wa mutum ɗari shida abinci kan lokaci, a cikin hadari, da ƙafa ɗaya. Wannan ne zai gagare ni?"

Na bar tallata na tare a jirgin. Tun daga ranar ba shi da wata magana sai, "Ruwa fa?" In na ce cikowa yake yi, sai ya sa in jingina shi da bango. Ya ƙi runtsawa, ya ce barci ƙanin tafiya ne. Ya yi ta waƙoƙin jan igiya da muryar da ba ta fita, ya zagi Faransawa, ya zagi likitan da ya yanke shi, ya ce in na ga idonsa na rufewa in mintsine shi. Na mintsine shi kuwa, har hannunsa ya yi shuɗi. In sarƙa ta yi ƙara jirgi ya juya ƙasa, sai ya ce in kwantar da shi, in gyara masa riga. Ya haɗa hannuwa a ƙirji ya rufe ido yana jira. Can sai ya buɗe ido ɗaya.

"Yau ma ta ƙi zuwa, 'yar banza. Irin ma'aikatan sarki ce, sai ba ka nemanta."

Mai gadin Yelland wani mashayi ne da ake kira Hocking. Da zarar ruwa ya fara cikowa sai ya tuƙo har gindin jirgi ya ɗaga murya, "Loveday! Yana nan?" In ruwa na janyewa kuwa ba ka ganin ƙeyarsa. Namu mai gadin shi kuma da janyewa yake zuwa. Jabez na jin su duka biyun. Har ya kai ba ya tambayata ruwa, muryar mai kira ta ishe shi.

Wata safiya ruwa bai daɗe da fara cikowa ba, na jingina shi ina ba shi romo da cokali. Yana ba ni labarin wata kazar Tamsin da ta yi ƙwai a bakin igwa. Ya ce, "Sai Tamsin ta ce da ni..." Ya tsaya. Na jira in ji me ta ce. Romon ya gangaro ta gefen bakinsa.

Na mintsine shi. Na girgiza shi. Na ce, "Baba, ba yanzu ba! Haba Baba, cikowa ne!" Na leƙa ta taga, ga rufin gidajen Penwarra a gabana ƙuru-ƙuru, ruwa kuwa sai ya wuce tsakar rana zai juya.

Ban yi kuka ba, haushi ya hana ni. Na rufe masa ido na ce, "Kai ka yi naka. Bar mini sauran." Na jawo shimfiɗarsa dab da murhu. Na ɓalle ƙofar ɗakinsu na farfasa na cusa a wuta, na bi da benci. Na gasa tubala na naɗe a tsumma, na jera masa a hammata da ciki da bayan wuya, na lulluɓe shi da duk bargon da ke jirgin. Murhun da ya shekara bai ga wutar kirki ba ya yi ja, hayaƙi ya turnuƙe sama.

Sai ga murya daga ƙasa. "Loveday! Yana nan?"

Na leƙa na ce, "Yana nan, ya ce a gaishe da uwarka."

"Wannan hayaƙin fa? Biki kuke yi?"

"Sanyi yake ji."

"In ji muryarsa mana."

Na koma ciki na sa fuskata a bokiti na yi tari irin nasa, mai zurfin nan. Na ɗaga murya na ce, "Sannu Baba, sha kaɗan." Na sake tari. Hocking ya yi tsaki ya tuƙa ya tafi, amma bai yi nisa ba, ya ɗaure a wani turke yana kallo. Haka na wuni ina hira da gawa da ƙarfi. Na ba shi labarin tsadar albasa, na ba shi labarin duk wadda ta yi cikin shege a Penwarra, in tubala sun huce in canja. Gumi har cikin takalmina. Ga zafi, ga warin jirgi da wuta ta taso da shi daga ƙasa, ga mutumin da na sani tun ƙuruciyata ina juya shi kamar waina. Abin da mutanen kirki biyu masu zuwa coci suka mayar da ni ke nan.

Da rana ta karkata, ruwa ya tsaya cik. Sai sarƙa ta yi gurnani, jirgi ya fara juyawa a hankali, gidajen Penwarra suka zame daga taga, hasumiyar cocin Ludcombe ta shigo. Na ƙara jira har ya kwanta sosai, yadda ko makaho ba zai yi musu ba. Na zuba tubalan a kogi ta ɗaya gefen, na hau rufi na ɗaga zane.

Ba a jima ba suka iso, kowa a kwale-kwalen mai gadinsa. Yelland ya shigo yana haki, ya yaye bargo ya ɗora tafin hannu a cikin Jabez, ya janye da sauri.

"Wannan gawa ce ko burodi?"

"Zazzaɓi ne ya tafi da shi," na ce.

"Zazzaɓi! Ni mahauci ne, malama, na san naman da ya huce aka ɗumama." Ya kama haɓar ya ja, ta ƙi motsi. "Duba nan, Spargo. Ya sandare. Tun safe ya mutu, a ruwanku."

Spargo ya kama hannun dama ya lanƙwasa da ƙarfi har gwiwar hannu ta yi ƙara. "Ina sandarewa? Ga shi yana lanƙwasuwa. Da ɗuminsa, yanzu-yanzu ya cika."

"Karya shi ka yi!"

"Kama na hagu ka gani!"

Suka kama shi, ɗaya na ja nan ɗaya na ja can, kan tsohon yana gyaɗawa a tsakani. Na ɗauki ludayin ƙarfen da yake kwasar kitse na ce duk wanda bai sake shi ba zan fasa masa baki. Suka sake. Na ce Hocking ya faɗi abin da ya ji da rana. Hocking ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ji tari, ya ji ana hira. Zane kuma a gaban kowa ya tashi, da janyewa.

Yelland ya dube ni. Sai na ga ya yi wani ɗan murmushi da ban so ba.

"To. Namu ne. Gobe a kawo shi."

"Kusa da matarsa," na ce.

"Ki je ki nuna wa Bunt mai haƙa wurin da kanki."

Da za su fita, Spargo ya matso ya kashe mini ido, ya ce a hankali, "Garinmu ya gode, Loveday. Ki biyo shago ki karɓi kyandir." Shi a tunaninsa don in rage masa kuɗin akwati na yi. Na tofar da yawu a gefen takalminsa.

Washegari aka kawo akwatin gajiyayyu, katako sirara da ana hango rigarsa ta tsagar. Na tuƙa shi zuwa gaɓar Ludcombe, aka ɗora a amalanken kifi, na bi shi a baya muka hau tudu. Ba kowa sai ni da mai turawa. Bunt mai haƙar kabari yana jiranmu a ƙofa da shebur, yana cin albasa. Na wuce shi na nufi katangar kudu.

Ba bishiyar ƙaya. Ba alamar katako, ba tata ba, ba ta kowa ba. An share wurin gaba ɗaya an kewaye da shingen ƙarfe mai fenti. A tsakiya ga wani farin dutse ya fi ni tsawo, an sassaƙa jirgi a jikinsa da zannuwansa a buɗe. Ban iya karatu ba, amma kalma ɗaya na gane, don na yi shekara da shekaru ina ɗaure kwale-kwalena a ƙarƙashinta. Sunan jirgin ne, da ruwan zinariya.

"Bunt, mene ne wannan?"

"Kyaftin Lisle. Ai ya daɗe a nan. Danginsa suka sayi kusurwar duka, sun ce nan ce ke kallon kogi."

Na san Lisle. An ba shi jirgin na bazara ɗaya zamanin fursunoni, yana ɗaure a sarƙa. A gari ya kama gida don wari na sa shi ciwon kai. In ya zo dubawa, daga kwale-kwale yake tambaya ko lafiya, ya juya.

"Waɗanda ke kwance a nan fa?"

"An kwashe."

"Zuwa ina?"

Ya nuna da haɓa can jikin katangar arewa, inda rana ba ta kaiwa, inda ake zuba busassun furanni da sharar coci. Nan ramin gayya yake, na gajiyayyu, wanda ba a rufe shi sosai sai ya cika.

"Yelland ya san da wannan?"

"Shi ya ba da aron amalanke."

Ashe Yelland yana tsaye a kan mutumin nan, yana jin yana roƙon katangar kudu, ya sani. Ya bar shi yana kokawa da barci, yana shan mintsini, saboda wurin da babu shi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, har yau kuma bai gyaru ba.

"Ke me ya dame ki?" in ji Bunt. "Ba kusa da matarsa kike so ba? Ai shi ma can za shi. Tana ciki."

"Ta wane gefe?"

"Oho. Da kwando muka kwaso su, su da yawa ne."

Muka tura amalanken zuwa arewa. Bunt ya janye katakan da aka rufe bakin ramin da su, wari ya bugo. Ya tambaye ni ta ina nake so a sauke shi, gabas ko yamma, tun da ni ce mai gawa. Na duba ciki. Ƙasa ce da farar ƙasa da gefen wasu akwatuna, ba abin da zai nuna maka kowa. Na ce a sa shi a tsakiya.

Limamin coci bai zo ba, an ce yana da baƙi. Na yi masa addu'ar da na iya. Na tsaya a wurin har Bunt ya gama tura ƙasa, don na san in na juya baya zai bar shi a buɗe ya tafi cin abinci.